Lemon 'Yan Dubiya da Ƙafar Alhaji Sale

Har gobe ban manta ranar da na shiga zauren Alhaji Sale na tarar da kwalbar lemo a bakinsa ba. Ku da yanzu kuke ɗiga jini a na'ura ta ba ku lamba nan take, ku saurara ku ji irin faman da muka sha.

A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasar nan ne, ina malamin ɗakin shan magani a wani gari kusa da Daudawa. Likita sai babban asibiti. Alhaji Sale mai sayen auduga ne, mutum mai jama'a. Ya zo mani da ƙishirwa da yawan fitsari, ga rama, ga ɗan gyambo a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. A lokacin da fitsari muke gwada ciwon sukari: a ɗiga shi cikin wani ruwan magani shuɗi a 'yar kwalba, a kara a wuta. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. Na Alhaji ja ya koma, kamar jar ƙasa.

Na tura shi babban asibiti, likita ya tabbatar, ya ba shi ƙwayoyi, ya maido mani shi don wankin gyambo da gwaji duk mako. Na zaunar da shi na yi mashi dalla-dalla. Ciwon nan ba ya warkewa, amma ana tsufa da shi in an kame baki. Ban da sukari, ban da lemo, a rage tuwo a ƙara ganye. In ba haka ba, gyambon nan zai ci ƙafar.

Ya ce, "Na ji, Malam. Amma kada kowa ya ji hwa. Kaka ta matso. In manoma suka ji ina da ciwon da ba ya warkewa, wa za ya kawo mani auduga? Ka ce gyambo ne kurum."

Sirrin majinyaci nasa ne, haka aka koya mana. Na ja bakina.

Magani yana sha, ya kuma rantse mani ya bar shayi. Amma duk mako kwalba ja, gyambo sai faɗi yake. Da babban malaminmu mai zagaya ɗakunan magani ya zo, na kai mashi kuka. Ya ce, "Ko ruwan gwajinka ya lalace, ko akwai abin da ba ka gani ba. Je ka gidansa ba tare da ka ce za ka zo ba."

Na tafi bayan la'asar. Zaure maƙil da 'yan dubiya. Da can, mai dubiya goro yake riƙowa. Da kuɗi suka zo, sai kiret na lemo, kwalin sukari, madarar gwangwani. Kuma kun san mu: baƙo ya buɗe ya miƙo maka, dole ka kurɓa a gabansa, ya ga an karɓi alherinsa. Yayansa Malam Iro, wanda ya zo daga Damari, shi ke ta buɗe kwalabe yana cewa, "Sha ka samu ƙarhi, duk ka ƙare!"

Wallahi ji na yi kamar in fasa ihu. Na daure har aka watse.

"Haba Alhaji! Ina wanke ƙafa da safe, kana ruɓar da ita da yamma?"

"Malam, mutum ya ɗauro kiret bayan babur tun daga Damari, in ce mashi ba ni sha? Da wane idon?"

"To bari in gaya wa Malam Iro shi kaɗai."

"Yaya Iro? Kahin ka isa gida zancen ya kai kasuwar Sabuwa. Ban yarda ba."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ya riƙa cewa azumin nafila yake. Ya ce shi ba ya ƙarya da ibada. To ya zan yi da shi? Yatsa ya yi baƙi, ya fara wari, baƙin ya haura. Da muka kai shi babban asibiti, ƙasa da gwiwa aka yanke.

A can likita ya gaya wa dangi sunan ciwon, da abin da ke ƙara shi. Ina cikin raba magani sai ga Malam Iro a bakin ƙofa. Bai ko yi sallama ba.

Ya ce, "Malam, kana zaune ranar nan. Kana kallo ina ɗura ma ƙanena da hannuna?"

Ban gaya mashi wanda ya hana ni magana ba.

Tun daga nan, duk wanda na samu da ciwon sukari, ba ya tashi daga gabana sai ya zaɓi mutum ɗaya a gidansa da za mu gaya wa tare. Ku ma ku riƙe wannan. A garuruwanmu marar lafiya ba shi ke zaɓar abin da zai shiga bakinsa ba, masu ƙaunarsa ne. Malam Iro bai sake iya haɗa ido da ƙanensa ba har ya rasu.