Barradar sadaka ta kashe mana Malam Sabi'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago a unguwar Tandabawi, nan Makka, aka kira ni: Malam Sabi'u ya rasu. Wutar lantarki ce ta ja shi.

Ga wanda bai san shi ba, ɗalibi ne daga Sakkwato, yana karatun hadisi, yana haya a wani tsohon gida a unguwar Jarwal da matarsa da 'ya'yansa. Shi ya zauna da ƙanina har ya iya karatun Alƙur'ani, bai taɓa tsawa ba. Idan na yi masa Hausa rabi Larabci rabi, sai ya yi dariya ya ce, "Ya akhi, zaɓi ɗaya mana."

A ƙofar gidan akwai barrada, firijin ruwan sha na masu wucewa. Mai gidan ne ya kafa ta sadaka ga mahaifinsa, har da allo mai kyau ana roƙon addu'a. Allon dai an kashe masa kuɗi. Wayar kuwa tsohuwa ce aka janyo ta taga, aka naɗe da salatif.

Hukuma ta riga ta kafa doka, irin wannan na'ura sai da wayar ƙasa da abin da ke katse wuta da kansa in an samu matsala. Ba shawara ba ce, doka ce. Mai gidan ya sani sarai.

Ganina da Malam na ƙarshe, na same shi yana ɗaure bakin famfon da roba. Ya ce, "Tana ja, Usman. Kar ka sha ba takalmi." Ya ce ya yi wa mai gida magana, amsar da ya ba shi ita ce ruwan sadaka ba ya cutar da kowa.

Malam ne ke wanke barradar, ba wanda ya sa shi. Jiya bayan la'asar yana wankewa, ƙasa a jiƙe, ta riƙe shi.

Wallahi abin ya ba ni ƙyama. Na je gidan, sai ga mai gida a zaune cikin masu gaisuwa, carbi a hannu, yana cewa kwana ne ya ƙare. Mun yarda da ƙaddara. Amma kai ka naɗe wayar, ba ƙaddara ba. Haba! A garin Makka!

Da na fito na tarar barradar na ta ƙugi, ba wanda ya cire ta. Wata tsohuwa alhajiya ta miƙa kofi. Na riƙe hannunta, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Na hau na fizge wayar. Gobe zan kai ƙara.

Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa, ya shayar da shi daga Alkausar, ya raya abin da ya bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, sannan ya je ya duba wayar barradar ƙofar gidansu.