Maje Mai Faci da Goran Surukinsa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya da keke a wajajen 1955, in dai tayarsa ta taɓa sacewa a Gyadi-Gyadi, ya san Maje. Rumfarsa ta zana ce a gindin wata tsamiya, da kwanon ruwa na neman huji, da famfo guda wanda ba ya ba kowa aro. A Tarauni aka haife shi, can kuma gidansa yake, kullum da safe sai ya ratso gonaki ya zo. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma Allah bai halicce shi da shakka ba. Ko keken da mota ta taka ka kawo masa, zai dube shi ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne." Abin haushin, sau da yawa sai ya gyara ɗin.

Faci ne ke ciyar da shi, amma kifi ne ya ci masa zuciya. Babu masunci ko ɗaya a danginsa, aure ne ya ja masa. Matarsa Huraira 'yar Baba Kabo ce, wani tsohon masunci na Tamburawa a bakin kogin Calawa. Zuwan Maje na farko gaisuwar surukai, ya tarar da tsohon kwance da ciki a kan goransa a tsakiyar ruwa, yana janyo wani giwan ruwa mai tsawon hannun mutum har kafaɗa. Tun daga ranar Maje bai warke ba.

Goran nan ƙaton duma ne mai baki a sama. Masunci yakan hau shi ya yi iyo da hannu da ƙafa, abin da ya kama ya jefa ciki. Na Baba Kabo gadon ubansa ne, ya yi baƙi don tsufa, sau biyu yana tsagewa ana ɗinke shi a liƙe. Tsohon bai haifi namiji ba, 'ya'yansa huɗu duk mata, Huraira ce auta. Da goran ta koyi tsayuwa, shi take dafawa.

Kowace shekara a ƙarshen bazara, lokacin da kogi ya ƙafe ya bar gurabu masu zurfi nan da can, kifi ya taru wuri ɗaya, Maje yakan rufe rumfa kwana guda. Huraira ta dama fura, ta turara dambu, ta ɗaure wanki da tabarmi. Wani Bayarabe mai suna Tunde, direban lori da ke tsayawa shan ruwa a rumfar, shi ke ɗaukarta da yaransu uku ya sauke su a Tamburawa. Maje kuwa a kekensa yake bin su, da igiyar fatsa a naɗe a kariyar bayan keken, da ƙugiyoyin da ya lanƙwasa da kansa daga wayoyin ƙafar keke. Tarwaɗa da karfasa kam yana samu. Giwan ruwa ne ya raina shi. Shekara uku a jere kifin yana ɗaukar abin da aka saka masa, ya fizga sau ɗaya, ko igiya ta tsinke ko ƙugiya ta miƙe sumul kamar allura. Masuntan garin suka naɗa masa sarauta, suna kiransa Sarkin Ruwan Tarauni, saboda Tarauni ba ta da ruwan da ya wuce kududdufi. Shi kuma in sun kira yakan amsa, har da ɗaga hannu.

Maganin ya zo masa a bakin aikinsa. Wata rana ya tsaya yana kallon wani mai itace da ya ɗaure kaya a keke da robar cikin taya. Keken ya faɗa rami, kayan ya yi sama ya dawo, roba ta miƙe ta koma, ba abin da ya tsinke. Maje ya yanka tsohuwar robar lori ya tufka ta riɓi uku, ya ce zai sa ta tsakanin igiya da turke, kifi ya yi ta fizga har ya gaji. Ya gwada da akuyar maƙwabta, akuya ta gaji.

A shekarar ne saƙo ya zo daga Tamburawa. Idon Baba Kabo ya yi rauni, ya daina shiga ruwa, ya ce in an gama kamun kifin bana zai miƙa goran ga wanda ya san kogi. Akwai kuma ɗan ƙaninsa a Wudil da ya daɗe yana aiko da gaisuwa mai yawa. Huraira ba ta da yawan magana. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ko sunan mijinta ba ta taɓa faɗa ba, kamar yadda kunya ta tanada: a gabansa "Malam", a bayan idonsa "shi". Ranar dai tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, in goran nan ya tafi Wudil, ni da ganinsa sai a mafarki."

Maganar ta taɓa shi ƙwarai, don bai taɓa jin ta nemi wani abu ba. Amma Maje bai iya jin tausayi a ɓoye ba. Washegari duk wanda ya kawo faci sai da ya ji cewa goran Baba Kabo zai shigo Tarauni a kan kariyar kekensa. A lissafinsa, sanin kogi shi ne fito da giwan ruwa, kuma wannan ƙaramin aiki ne.

Tunde ya ce, "Maje, kai ko iyo ba ka iya sosai ba."

"Kifin ne zai yi iyo, ni a tsaye zan kama shi."

Bazarar shekarar ta zo da wasa da hankali. Hadari ya haɗu da la'asar ya yi baƙi, iska ta kwashe zanar rumfa, a yi yayyafi ɗigo uku, sai gari ya washe zafi ya dawo ya fi na jiya. Manoman Tarauni suka riƙe irinsu suna kallon sama. Ran tafiyar kuwa ko ƙyallin gajimare babu. Maje ya duba gabas, ya duba yamma, ya yanke hukunci cewa ruwa sai wani mako.

Suka isa da hantsi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida surukinsa, kansa a ƙasa. An shimfiɗa wa tsohon tabarma a gindin ɗorawa a saman gaɓa, goran yana gefensa, hannunsa a kai. Yara suka bazu cikin yashi, Huraira ta kwance wanki a bakin ruwa. Masuntan gari tun safe suka gama nasu, suka kalli robar Maje suka sha dariya, suka tafi neman inuwa.

Gurbin da ya zaɓa yana bayan wani tudun yashi a tsakiyar kogi. Tsakanin tudun da gaɓa ɗan ruwa ne iya idon sawu, ya taka ya haye. Ya kafa turke, ya ɗaura roba, ya ɗaura igiya, ya maƙala ƙaramar karfasa mai rai a ƙugiya ya wurga. Aka kira shi cin dambu ya ce sai an jima. Dama ba zai ci a gaban suruki ba.

Bayan azahar igiya ta motsa. Ta yi tafiya a hankali, sannan ta miƙe gaba ɗaya. Roba ta ja har ta yi siriri, sai ta dawo. Kifi ya sake fizga, ta sake dawowa. Ba abin da ya tsinke. Can ya yi tsalle sama da ruwa, fari fat, bakinsa a buɗe, ya fi wanda Baba Kabo ya taɓa fitarwa a gabansa. Maje ya kama igiya da hannu biyu, in kifi ya ja ya sakar wa roba, in ya lafa ya janyo taƙi ɗaya. Daɗi ya cika shi har yana magana shi kaɗai. Duniyar gaba ɗaya ta koma igiyar nan, ya juya wa gaɓa baya.

Huraira ce ta ji ruwan ya yi sanyi a ƙafarta. Ta duba, ta ga ya fara ja, ga kumfa da karan dawa da busasshen kashin shanu suna wucewa. Dutsen da take buga wanki a kai ya nutse rabi. Sama tana nan tas, amma ita a gidan masunta ta tashi, ta san abin da ake nufi: an yi ruwa mai yawa can saman kogi inda ido ba ya kaiwa, kogi ya kawo. Ta kora yara saman gaɓa, ta bar wanki a inda yake.

"Malam," ta kira. "Malam, fito, ruwa ya zo."

Wasu mutum biyu da ke shayar da jakuna suka waiwayo, su ma malamai ne. Maje bai waiwayo ba. Ta sake kira, iska ta ɗauke. Ɗan ruwan da ya taka ya haye ya kai gwiwa, yana gudu. Ubanta yana zaune a bayanta, kunnensa garau. Ta ɗora hannu biyu a baki.

"Maje!"

Ya juyo kamar an watsa masa ruwan zafi. Dubban mutane sun kira sunan nan, bai taɓa jin sa da wannan murya ba. Sai a lokacin ya ga tudun da yake kai ya rage kamar faɗin tabarma biyu, ruwan da ke tsakaninsa da iyalinsa ya zama jan kogi. Tsoro ya kama shi, na gaske, don ya san iyonsa na kududdufi ne. Kifin kuwa ya gaji, yana kwance a gefe, taƙi goma ya rage.

Huraira ba ta nemi izinin kowa ba. Ta zare goran daga ƙarƙashin hannun ubanta, ta ɗora a ka, ta ruga. Ba wajen mijinta ta nufa ba, saman kogi ta yi, ta wuce shi da nisa, har inda gaɓa ta lanƙwasa. A nan ta shiga ruwa zuwa ƙugu ta saki goran. Ruwa ya ɗauke shi ya karkata da shi, ya kawo shi daidai ƙafar Maje.

Hannu biyu gare shi, goran kuma hannu biyu yake so. Ya dubi kifin sau ɗaya, ya saki igiya.

Hawan da ya yi ba na nuna wa jama'a ba ne. Goran ya yi ta juyi da shi, ya sha ruwa ya ƙoshi, hularsa ta tafi. Can ƙasa sosai ruwa ya kai shi gaɓa, masu jakuna suka janyo shi. Da ya waiwaya babu tudu. Ya ga kan turkensa yana rawa, roba tana riƙe har yanzu, sannan yashi ya saki turken, komai ya bi ruwa.

Ya ɗauko goran ya kawo gaban tsoho, ya durƙusa yana ɗiga. Ya san ya zubar da damar samun goran, kuma ba nasa rashin ne ya fi ci masa rai ba, na Huraira ne. Ita tana tsaye can gefe ta ja mayafi ta rufe fuska, kunyar abin da bakinta ya faɗa a gaban ubanta ta hana ta motsi.

Baba Kabo ya shafa goran ko'ina, ya tabbatar bai tsage ba. Ya ce, "Ƙugiyar ta miƙe?"

"Ba ta miƙe ba, Baba."

"Igiya fa?"

"Ba ta tsinke ba, turken ne ya tafi."

"To, in za ka dawo ka tufko wa yaran garin nan irin robar." Sannan ya tambaya, "Wa ya ga ruwa?"

"Ita ce, Baba."

"Wa ya san inda za a saki gora ya same ka?"

"Ita ce."

"Na ce zan ba wanda ya san kogi, ga shi kuwa na ba ta. Kai in kana son hawa, ka roƙe ta."

Da yamma goran ya shigo Tarauni a kan kariyar keke, ɗaure da roba, kamar yadda Maje ya faɗa. A daren aka yi ruwan shuka. Washegari ya ba da labarin a rumfa bai rage komai ba, har juyin da ya sha, har hular. Tunde ya ce, "To ai ba naka ba ne." Maje ya ce, "Na ce zai zo, ban ce nawa ba ne."

Bayan shekara biyu ya fito da giwan ruwansa, masuntan Tamburawa kuma suka koma ɗaura roba a turke ba tare da sun tuna wa ya kawo ba. Goran yana rataye a ɗakin Huraira. Duk ƙarshen bazara Maje yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama ya nemi aro, ita kuma sai ta fito ta dubi sama tukuna kafin ta ce, "Ɗauka, Malam."

Ba ta ƙara kiran sunansa ba har suka tsufa. Wani lokaci abokai sukan tsokane shi, su tambaye shi ko yana jin takaicin kifin da ya saki. Yakan ci gaba da goga faci, ya ce a'a, a ranar ya ji abin da ya fi kifi, kuma sau ɗaya ya ishe shi.