Kan Keken da Yaya Ta Dire a Teburin Manaja

Ranar Talata, tara ga watan Safar, ina tsakiyar yanka yadin kayan makaranta, autarki ta faɗo shago ba ko sallama. Ina ganin idonta na ajiye almakashi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yaya, shugabar ƙungiyarmu ta mata maɗinka, kin riga mu.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ban taɓa kiranki da wani suna ba. Ke kika koya mini ɗinka aljihu, kina dariya kina cewa nawa ko kuɗin maƙiyi ba zai riƙe ba.

Shekaru kina tsallaka iyaka kina saro mana yadi, kuma duk ƙasar da kika sauka sai kin leƙa shagon maɗinka kin tambaya yadda suka mallaki injinsu. Kin ce a wata ƙasar injin da kansa ne jingina. A wata kuma cinikin da ya bi ta wayar mace ake dubawa, a ba ta bashin injin cikin mako. Mu kuwa a bankinmu na nan sai takardar gida da mai albashin da zai tsaya maka. Wace ce a cikinmu take da gida da sunanta? Muna kallo aikin makarantu yana komawa hannun masu injin lantarki, mu muna ta taka keke har gwiwa ta ƙage.

Ba zan manta ranar da kika kwance kan kekenki, kika naɗe shi a zane, kika kai mu banki neman bashin injinan lantarki ba. Kika dire shi a teburin manaja, har da ɗigon mai a takardunsa. Kika ce, "Ɗana, ga gidana, ga gonata. Da shi na aurar da 'ya'ya. Idan ƙasashe maƙwabtanmu sun yarda da irinsa, ku me ya fi ku tsoro?" Ni dai ƙasa nake kallo don kunya.

Da na ce ba zan sa hannu a bashi mai ruwa ba, wasu sun ce na cika tsirfa. Ke ba ki ce ba. Kin ce, "Malama ta yi gaskiya," kika koma kika nemi banki ya sayi injinan ya sayar mana da riba sananniya, mu biya a hankali. Sau nawa aka ce ki dawo gobe? A ƙarshe suka sa mana Alhamis mai zuwa, a zauna da manyansu. Idan ba wanda ya je, maganar ta mutu, aikin makarantu na baɗi ma ya tafi.

Yaya, kin san ni. Ko a taron suna ba a jin muryata. Amma zan je, kuma zan faɗi abin da idonki ya gano, ƙasa bayan ƙasa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wahalar da kika sha dominmu ta yi miki nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana.

Roƙona ɗaya gare ku. Kan keken nan ya zama gado yanzu, ba zan taɓa shi sai kowane magaji ya yarda. Ku ara mini shi zuwa Alhamis. Na riga na wanke zanen.