Ranar da Duron Inna Ya Yi Shiru

Ranar sha bakwai ga azumin shekarar da na cika goma, na manna kunnena a jikin shuɗin duron Inna a bayan ɗakinmu na unguwar Nuzla a Jidda, na ji shiru. Sana'ar Inna ita ce sobiya, abin shan buɗa-bakin mutanen Jidda, ana yin ta da sha'ir da busasshen burodi da sukari, ana sayarwa a ƙofar masallaci. Da yake mai azumi ba ya ɗanɗanawa, da kunne take gane ta. Idan kumfa ta taso tana ɗan raɗa, sai a tace, a zuba ƙanƙara. "In kumfa ta kwanta, duro ya yi shiru, shi ke nan, ta zama giya, sai kwata," haka ta koya mini.

A azumin nan Inna tana jego, sai Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ta zo umara ta maƙale mana, ta karɓe aikin ba wanda ya sa ta. Mace ce da ba a gaya mata komai. Da lissafin kwanakin jiƙon geron kunu na Kano take aiki, ta manta zafin Jidda ba ya jiran kowa. Tun kwana biyu da suka wuce nake cewa a tace, tana harara. Ranar da na ce duro ya yi shiru, ludayi ta kwaɗa mini a ka. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Tsoronta ya hana ni gaya wa Inna, wannan kuwa yana cina har gobe.

Tsohon da ya fara kurɓa bayan kiran magariba ya tofar, ya daka tsawa da Larabci, "Khamr!" wato giya. Gwaggo ta yar da bokitai ta sulale unguwar Sa'alaba. 'Yan sanda suka zo ƙofarmu, Inna ta fito da jariri a kafaɗa ta ce duronta ne. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Kafin Sallah an sa ta a jirgin Kano, ni aka bar ni wurin Baba, shekara tara ban sa ta a ido ba.

Yanzu a firji ake sayen sobiya, cikin gora, ba mai sauraronta. Gwaggo tana nan da ranta, duk azumi sai ta aiko a ce na yafe mata, ni kuwa ban taɓa ba ɗan aiken amsa ba. Har yau in na sayo gora, sai na fara kai ta kunne.