Maraƙin Ciyawa

Rugarmu tana bakin fadama ne, a ƙasar Taura, inda ruwan kogi kan malalo duk damina ya shanye shinkafar mutane har ya zo dab da garke. Saboda sauro, kowace yamma mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, yakan hura wuta a tsakiyar shanu, ya zuba ɗanyen ganye don ta yi hayaƙi. A gefen wannan wutar kakarmu Dada take shimfiɗa buzunta bayan sallar isha'i, mu kuma mu kewaye ta, ido yana hawayen hayaƙi amma ba mai tashi. Ni ne babba, shekarata goma sha ɗaya ko kusa da haka. Ƙanwata Laure tana bi na da shekara biyu.

Dada tana da saniya guda da ta rage mata daga dukiyar aurenta, fara sol mai baƙin ido, shi ya sa ake ce mata Tozali. Ita ce furarta, ita ce man shanunta, kuma ta riga ta faɗa a gaban kowa cewa karsanar farko da Tozali za ta haifa nan gaba ta Laure ce, da ita za ta tafi gidan miji. A waccan daminar Tozali ta haifi namiji, ya yi kwana tara ya mutu. Saniya kuwa idan ba ta ga ɗanta ba, sai ta riƙe nono. Dabarar makiyaya a nan sananniya ce: a feɗe maraƙin, a cusa wa fatar busasshiyar ciyawa, a ɗinke, a shafa mata kanwa. Lokacin tatsa sai a ajiye shi gaban uwar, tana lasa ana tatsa. Baffa ne ya yi fiɗar, ni na cusa ciyawar, har ina alfahari da yadda na cika ƙafafun suka tsaya. Laure aka ɗora wa aikin shigar da shi bukkar Dada bayan kowace tatsa, don kada karnuka su ja.

A daren da nake son ba da labarinsa, Dada ta gyara zama ta ce, “Ga ta nan tafe, ƙafarta duk laka.”

Muka ce, “Ta shigo, mun share mata wuri.”

Ta ce a zamanin da, duk abin da ke shayar da ɗansa nono a tudu yake, ruwa na kifi ne kaɗai. Sai aka yi wani makiyayi mai kwaɗayi, ya yanka maraƙin saniyarsa ya cinye, ya cusa wa fatar ciyawa yana ta tatsar uwar. Ran nan tana lasa, ɗinkin ya farke, ciyawa ta zubo mata a baki. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai, ta juya ta nufi kogi. Ruwa ya kai mata gwiwa, makiyayin yana kiran ta. Ya kai mata ƙirji, yana roƙon ta. Ta ce, “Ni da ƙasar da ɗan Adam yake takawa har abada.”

A nan Dada kan rage murya, sai ka matso kafin ka ji. Ta ce saniyar ta zauna a ruwa shekara da shekaru. Ƙahonta ya zube, gashinta ya kaɗe, ƙafafunta suka yi ta shigewa cikin jiki har suka koma kamar faifai. Jikokinta da suka tsaya kusa da gaɓa su ne dorina da ayu. Waɗanda suka bi ruwa har inda ya ƙare kuwa, sun yi girman da garke guda ba zai cika musu ciki ba. Amma ruwa bai karɓe su duka ba. Har gobe nono suke ba 'ya'yansu, kuma dole kowacce ta ɗago hanci ta sha iska, in ba haka ba ta mutu.

“Ita uwar kuwa tana nan,” in ji Dada. “Idan ruwa ya cika kuka ji fuuu daga fadama, ita ce ta ɗago tana shinshina. Ɗanta take nema. In ba ta samu ba, sai ta nemi hannun da ya cusa ciyawar.”

Na ce, “Dada, ko da maraƙin da kansa ya mutu?”

Ta yi dariya, ta dungure mini kai. “Kai maigidana, matsoracin miji. Saniya ta san wannan ne? Ita dai warin hannu ta sani. Na tsinke tatsuniyar a nan, ɓera ya tsira da kansa yau. Ku tashi ku kwanta.”

Wasa take yi, irin na kaka da jika. Ni ban ɗauke shi wasa ba. Na wanke hannuna da toka, na wanke da ƙasa, ina shinshinawa ina jin warin fatar yana nan. Kwana uku ba na barci. Shanu kan yi huci a garke, wannan na san shi tun ina goye, amma yanzu duk hucin da na ji sai in rantse daga ruwa ya fito, kuma kowane dare yana ƙara matsowa. Ruwan ma yana ƙaruwa. Tsamiyar da muke wasa a gindinta ta koma tsakiyar tabki. Na kasa gaya wa Baffa, don ɗan makiyayi ba ya cewa yana tsoron saniya.

A rana ta huɗu na yanke shawara irin ta yaro: tunda ɗanta take nema, bari in kai mata. Gari ya fara wayewa, Baffa yana salla, Dada ta zagaya bayan bukka. Na shiga na sungumi maraƙin ciyawar daga inda Laure ta ajiye shi, na bi ta cikin gero na gangara. Na shiga ruwa har cinya, na tura shi, na ce, “Ga shi nan, ki rabu da ni.” Ruwa ya ɗauke shi yana juyawa, ƙafafun nan da na cika suna sama.

Sai na ji huci a bayan wuyana.

Ban san lokacin da na faɗi ba. Da na ɗago, Tozali ce. Ta ga an ɗauki ɗanta, ta biyo ni tun daga garke ban sani ba. Ko kallona ba ta yi ba. Ta wuce ni ta shiga ruwan tana wani kuka ƙasa-ƙasa, irin wanda take yi lokacin tatsa. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙirji. Na kira sunanta, ba ta juyo ba. Can sai ƙahoni da hanci kawai nake gani, ta nutse, ta ɗago ta yi fuuu, ta sake nutsewa, tana bin fatar zuwa inda ruwan ke da ƙarfi. Duk abin da Dada ta faɗa, ga shi a gabana da ido. Na ruga gida, na tuɓe wandon na cusa shi ƙarƙashin tabarma, na sa wani.

An yi kwana biyu ana nema, har da masunta da kwalekwale. Ba a ga ko gawarta ba. Tun a ranar farko da aka duba babu maraƙin ciyawa a bukka, Baffa ya ce magana ta fito: Laure ta bar shi a waje, kare ya ja shi zuwa ruwa, uwar ta bi. Laure ta ce ta shigar da shi. Ya ce har da ƙarya? Ya kwance igiyar maruƙa ya dake ta a gabanmu, ina tsaye ina kallo. Dada ce ta shiga tsakani ta riƙe igiyar. Ta dube ni sau ɗaya, sannan ta dubi ƙasa.

Daga ranar ba ta sake yi mana tatsuniya ba. Idan yara suka matsa mata sai ta ce, “Bakina ya yi ɓarna, ya isa.” Ta koma shan furar da surukarta ta ɗiba mata, ita da take ba wasu. Laure kuwa sunan sakaci ya bi ta. Ko ƙwarya ta fashe a wata bukka sai a ce ko Laure ta wuce ta nan. Da aka aurar da ita Aujara, ba ta tafi da saniya ba. Ni na girma, na yi aji huɗu, na samu aikin masinja, na yi aure, na aurar. Ban taɓa shiga kwalekwale ba tun daga ranar, kuma idan mota za ta hau gada da ni, rufe ido nake yi.

Bara ne, a gidan ɗana a unguwar Takur cikin birni, inda nake zaune yanzu, jikata Nusaiba mai karatun kimiyya ta zo da waya ta ce, “Tsoho, zo ka ga wadda ta fi ka ci.” Wata dabbar teku ce da suke kira wel, tana ɗagowa tana fesar da iska ta tsakar ka. Na ce wannan ai kifi ne. Ta ce a'a, haihuwa take yi, ta ba da nono, kuma in ba ta ɗago ba sai ta mutu. Ta ce masana sun tono ƙasusuwan kakanninta, masu ƙafa huɗu ne da ke yawo a bakin ruwa, suka yi ta shiga a hankali cikin zamani mai tsawon da ba ya ƙirguwa, har hancin ya koma sama. A dabbobin yau dorina ce ta fi kusa da ita, saniya ma dangi ce ta nesa. Ayu ne kawai Dada ta kuskure, wai shi dangin giwa ne.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, Allah ne ya san yadda ya shirya halittarsa. Amma yarinyar ta ƙara da wata magana. Ta ce har yau idan aka buɗe cikin dabbar, akan tarar da wasu 'yan ƙasusuwa a inda ƙafafun baya suke a da. Ba ta tafiya da su, ba a ganin su daga waje, amma tana ɗauke da su duk inda ta je.

Ban ci tuwo ba a daren. Da safe na ce wa ɗana ya sa ni a motar Aujara.

Na tarar da Laure a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa, ido ɗaya ya yi yana. Bayan gaisuwa na ce, “Laure, maganar Tozali ce ta kawo ni. Ni na ɗauki maraƙin.”

Ba ta daina ɓarar ba. Ta kira ni yadda ake kiran wa a rugarmu, ta ce, “Hamma, wa kake tsammani ya wanke wandon?”

Ta ɗauki wata gyaɗar, ta ci gaba.

“Na same shi a jiƙe, da laka har cinya, na kai wa Dada da yamma, bayana yana zafi. Na ce zan gaya wa Baffa. Ta ce in bari, ita ta tura ka cikin ruwan da bakinta, kuma idan aka fizgo ka da ƙarfi a ranar, tsoro zai taɓa maka hankali. Ta ce mai shan iska ba ya dawwama a ƙasan ruwa, za ka ɗago da kanka.” Ta zuba ɓawon a ƙasa. “Ta jira ka shekara bakwai, har ta rasu. Ni kuma na ci gaba da jira.”

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Sannan ta turo mini ƙwaryar gyaɗar, ta ce, “Amma ka daɗe, Hamma. Ka daɗe ƙwarai.”

A da ina tsammanin tatsuniyar Dada gargaɗi ce a kan abin da ke cikin ruwa. Yanzu na gane ba ta ce saniyar muguwa ce ba, cewa ta yi an ba ta ciyawa a madadin ɗanta. Shekara sittin ina tsoron wadda za ta fito daga fadama ta nemi hannuna, alhali wadda na cuta tana Aujara a zaune, ta san hannun tun ranar farko, ba ta taɓa zuwa nemansa ba. Na zauna a tabarmarta muka ƙarasa ɓarar gyaɗar tare. Da mota ta hau gada a hanyar komowa, na so in bar idona a buɗe, ban iya ba.