Jan Maɓallin Lala Sherzaman

Kullum da safe Lala Sherzaman, ma'aikacin ofishin sayen kayan barikinmu, yakan jingine kekensa a ƙofar tasharmu ta kashe gobara, ya sha shayin madara a tsaye, ya tambaye mu me ya lalace. Farar hula ne, bai taɓa riƙe mesa ba. Amma takalmin ƙafata da tayar motar da nake tuƙawa duk ta hannunsa suka biyo. Wannan watan zai yi ritaya, ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba.

Mutum ne mai nawa, har ya ba ka haushi. Da aka amince a sayo mana sabuwar na'urar sanar da gobara, kamfani ya kawo mai kyau: a buga waya, allo ya nuna gida, ƙararrawa ta tashi. Mu har mun fara murna. Lala ya ƙi sa hannu.

"Lala, sai barikin ya ƙone ƙurmus za ka gama tunani?" in ji Hawaldar Rahimdad, sajen da ke shugabantar ayarinmu.

"Da rana mazan suna bakin aiki," in ji Lala. "Wa zai buga wayar?"

"Matansu mana!"

"Taka matar za ta yi magana da ƙaton da ba ta sani ba?"

Rahimdad ya sosa gemu. "Ni ma da ƙyar take yi min."

Lala ya tura matarsa, Baji Gulnaz, ta bi gidajen iyalan sojoji tana shan shayi da mata. Ta dawo masa da abin da yake tsoro. Yawancinsu daga ƙauyukan duwatsu aka kawo su. In tukunyar gas ta kama, sai su aika a nemo maigida, shi ya kira mu, wuta kuma tana ta cin abinta. Wasu ko Urdu, harshen da muke aiki da shi, ba sa ji.

Ya yi ta zirga-zirga tsakanin kamfani da ofishin kwamanda har aka ƙara jan maɓalli a bakin kowane layin gidaje. A danna kawai, ba sai an ce uffan ba. Baji Gulnaz ta sake zagayawa ta koya wa mata.

Bara, wata rana da azahar, ƙararrawa ta tashi, allo ya nuna layi na huɗu. Muka tarar da Khala Zarmina, mahaifiyar wani soja, a tsaye, hannunta na kan maɓallin, tana nuna mana ƙofar gidansu da ya kama da wuta. Jikokinta biyu na ciki. Ni na ga Rahimdad ya fito da su cikin hayaƙi, suna tari, da ransu.

Lala, kai ne mai sayayya da tunanin wanda ba zai iya buɗe baki ya roƙa ba. Mun gode, wallahi mun gode. Ku da aka damƙa wa sayen kayan jama'a, ku riƙa tambayar da ya yi kafin ku sa hannu.

A walimar sallamarsa da muka yi jiya, muna cikin cin shinkafa, wata murya ta fito daga bayan labulen mata. Khala Zarmina ce.

"Ɗan'uwana," ta ce, "Allah ya tsare ka daga wutar gobe kiyama."

Lala ya ajiye lomarsa, ya rufe fuska da tafin hannu.