Ku-Matsa da Bencunan Baƙonsa

Duk wanda ya taɓa yin sujada a kanisar kambonmu, wato cocin ƙauyenmu na ma'aikatan gona, can bayan garin Hasahisa, ya san ba a zama inda rai yake so. Kana sa ƙafa a ƙofa za ka tarar da Kawu Ayuba tsaye da sandarsa, hula a karkace, yana nuna maka bencin gaba. "Ku matsa, baƙo na tahe!" Ko ba mu cika benci biyu ba, sai mun cushe a gaba kamar buhunan auduga, bencunan baya kuwa ga su nan fayau, ba kowa. Har sunansa ya ɓace, yara suka koma kiransa Ku-Matsa. Ni Rifkatu ɗiyar ƙanwarsa ce, a ɗakinsa na tashi, don haka in na yi masa tsiya yau da muka taru tunawa da shi kada wanda ya harare ni. Duk na fi ku shan sandar nan.

Mu Hausawa Kirista ai ba mu taɓa yawa a yankin Jazira, kudu da Khartum, ba. 'Yan gidaje ne, kakanninmu suka zo cirar auduga suka zauna cikin 'yan'uwa Musulmi, tare muke suna, tare muke zaman makoki. Masu cika mana kanisa 'yan Kudu ne da Nubawa, abokan aikin gona. Tare da su Kawu ya sare gabaruwa a bakin tur'a, magudanar ban ruwan gonaki, suka sassaƙa bencunan nan, masu nauyin tsiya, sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin ɗaya ya motsa. Da 'yan Kudu suka kwashe suka koma ƙasarsu, ranar Lahadi ta zama abin tausayi. In aka ɗaga waƙa kana jin muryar kowa dabam, har ka gane wanda bai karya kumallo ba. Kawu dai bai fasa tsayuwa a ƙofa ba.

Kun tuna Inna Saratu, Allah ya jiƙanta, mace mai jiki masha Allah? Wata Lahadi zafi ya yi zafi, ya matse ta tsakanina da bango, tana fifita da gefen mayafi.

"Ayuba, don girman Allah wane baƙo ne wannan? Tun ina goyo kake cewa yana tahe, yanzu ga ni da jikoki. A ƙafa yake zuwa daga Sakkwato?"

Ba ta rufe baki ba sai ga bunsurun maƙwabcinmu Alhaji Sani ya shigo, ya haye bencin baya ya kwanta abinsa. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ga baƙon naka ya iso, sai a bar mu mu sha iska." Kawu ya juya ya ƙare wa bunsurun kallo, ya ce, "Ƙyale shi. Tun da aka fara wa'azi bai yi gyangyaɗi ba, ke fa?"

Sai maganar karkade, wato zoɓo. Shi ke haɗa na jibin Ubangiji, ba ya yarda kowa ya taɓa. Zai ɗebi karkade ɗan cikin tafin hannu, daidai mu 'yan tsirarun, amma ya cika babbar tukunya da ruwa, wai kada baƙo ya zo ya rasa. Sukari kuwa nuna wa tukunyar kawai yake yi. Lokacin da aka aiko mana sabon gasis, wato limamin kanisa, Filibus, ga shi can zaune yana sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙoƙon a jibinsa na farko, ya leƙa, ya sake leƙawa. Bayan an tashi ya ce wa Kawu cikin ladabi, da Larabcinsa, "Ya ammi, wannan ai ruwa ne zalla."

Kawu ya ce, "Ni na kawo ruwan. Mai da shi wani abu aikin Maigidanka ne, sai ka yi masa magana."

Kai, Filibus ya ga ta kansa a hannun tsohon nan! Kuma in za a faɗi gaskiya, yaron bai zo da mugunta ba. Ya tarar samarinmu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗana Yohanna da bakinsa ya ce mini, "Yumma, waƙoƙin nan naku ban san mi suke cewa ba, baki kawai nake motsawa." Ranar na kasa cin abinci, don na san ba ƙarya ya yi ba. Sai gasis ya tara matasa suka yi shawara: a koma waƙa da Larabci, a kawo organ, a raba ɗakin biyu a yi ajin yara, a sa kujerun roba daidai yawanmu. Bencuna kuwa a ba mai gidan burodi ya yi makamashi da su. Aka kaɗa ƙuri'a, kowa ya ɗaga hannu. Kawu ya ɗaga sanda.

Ranar da mai amalanken jaki ya zo kwasa, sai ya tarar da Kawu miƙe a kan benci, ya lulluɓa da farin zane har kai, hannuwa a ƙirji. Mutumin ya yi salati ya ja da baya. Daga cikin zanen aka ce, "Ɗauka mana, mi kake jira? Ku ɗauke mu tare." Shi da yaransa suka bar wannan bencin suka nufi na kusa, kafin su kama ƙafarsa Kawu ya mirgina ya haye. Suka koma wancan, ya riga su. Tsoho mai ciwon gwiwa, wallahi ranar ko ɗan akuya bai fi shi tsalle ba! Mai amalanke ya kaɗa jakinsa ya ce, "Ya jama'a, ni itace aka ce in ɗauko. In da gawa a ciki, ku nemi wani."

Haka aka yi sulhu na dole. Organ ya shigo, kujerun roba suka shigo, bencuna aka jibge su a rumfar bayan kanisa. Kawu ya bi su da baƙin man tarakta saboda gara, duk macen da ta jingina da farin tufafi sai ta koma gida tana tsine-tsine. In matasa suka ɗaga waƙarsu da Larabci, shi kuma sai ya ɗaga tasa da Hausa daga ƙofa, da muryar nan tasa mai kama da ta injin ban ruwa, kowa na tafiya hanyarsa har a kai Amin.

Wata rana da la'asar na kai masa shayi a rumfar, na ce, "Kawu, ka bar yaran nan su sarara mana. So kake su gudu gaba ɗaya?" Ya yi ta shafa bencin da yake kai. Can ya ce, "Ɗiyata, waƙar ba ta dame ni ba, tsokanarsu nake yi. Su yi da Larabci, Allah na ji. Kujerun nan ne. Sun ƙirga kansu suka sayo daidai. Kanisar da ta yi haka ai ta gama sa ran kowa." Na tattara kofuna na tafi.

Da rani ya rasu, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Alhaji Sani da 'ya'yansa ne suka haƙa kabarin. Bai ga baƙonsa ba, kuma wannan abin har yau yana ci mini rai.

Don kuwa baƙon ya zo. Ba a daɗe ba yaƙi ya tashi a Khartum, motoci suka fara sauke mutane a bakin titi, mata da tsofaffi da jarirai, Musulmi da Kirista, wasu ko takalmi babu. Kujerun roba ba sa kwantar da mai jego. Matasan nan da suka ɗaga hannu a ba da bencuna, su ne suka kinkimo su daga rumfa, suna haɗa biyu-biyu suna yin gado. Na ga Filibus tsaye a ƙofa, rigarsa duk baƙin mai, yana ɗaga murya da gurguwar Hausarsa: "Ku matsa! Ku matsa!" Yohanna na gefensa da babbar tukunyar Kawu, karkaden ya fi na marigayi tsinkewa. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Sauran kun san shi, tunda tare muka gudo. Wutar ta iso mu, muka bar gonaki da kaburburanmu, ga mu yau a Damazin cikin kanisar mutane, mu ne baƙin. Wasunmu har yanzu ba mu san inda suke ba. Wani da ya biyo ta kambon ya ce mini rufin kanisar ya tafi, organ ya tafi, bencunan kuma mutanen da suka maƙale a can sun faskara sun yi girki da su. Da na ji sai na ce, da Kawu ne aka gaya wa, tambaya ɗaya zai yi: "Baƙi ne suka ci?" In aka ce masa e, zai yi tsaki ya ce to ai da sun kankare man tukuna.

Filibus, in Allah ya mai da mu gida, ka sa organ ɗinka, ka yi Larabcinka, ba mai hana ka. Amma in ka tashi sayen kujeru, kada ka ƙirga mu.

Ya Ubangiji, bawanka Ayuba ya tsufa a bakin ƙofarka yana ajiye wa wanda bai sani ba wurin zama. Ga shi ya zo maka baƙo, gwiwoyinsa na ciwo. Ka ce su matsa masa ya zauna. Mu kuma da muke watse a ƙasar mutane, ka tattara mu, ka sa a ajiye mana ko da bencin baya ne. Amin.